Hula a Kan Kantar Bakin Ƙofa

Tun da mai sayar da jarida na bakin tasha ya ce mata ya ga wani tsoho mai kama da babanta a wajen gidan kwanan marasa matsuguni, Auta ta kasa zama wuri ɗaya. A shagon ɗinkin da take aiki ta haɗa hannun riga a juye, ta farke, ta sake haɗawa, ta sake yin kuskure. Mai shagon ta ɗago kai ta dube ta.

"Auta, tashi ki je. Zamanki a nan ɓarnar zare ne kawai."

Ta ɗauki jakarta ta fita ba ta ko rufe keken ba.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekaru masu yawa yana da ɗan tebur da gilashi a bakin kasuwa, har idonsa ya fara rauni, masu kawo aiki suka ragu, ya kasa riƙe ɗakin da yake haya. Auta ce ta ɗauko shi ta kawo shi gidanta. Gidan ɗaki biyu ne da falo, ga yara uku, don haka a falo aka shimfiɗa masa katifa. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Amma wata safiya ya ninke bargonsa, ya ce zai je ya kwana biyu wurin wani tsohon abokinsa. Da shiru ya yi yawa Auta ta je gidan abokin, aka ce ai Baba ya daɗe da tafiya. Ta zaga asibitoci, ta zaga tashoshi, ta tambayi duk wanda ya taɓa kawo masa agogo. Damina ta kama, ba labari.

Gidan kwanan yana bayan layin masu sayar da katako. A da sito ne. Mutanen unguwa ne suka haɗa hannu suka gyara shi, wannan ya kawo kwano, wancan ya kawo gadaje, mai gidan burodi ya ɗauki alkawarin burodin safe. Maigadi ya shigar da ita ta wani ɗan soro mai tsawo. A hannun hagu akwai babban tebur cike da tsofaffin riguna da takalma da barguna da mutane ke kawowa kyauta. A hannun dama, ƙarƙashin taga, akwai wata ƙaramar kanta ta katako da tarkace a kai. Ba ta tsaya dubawa ba.

Matar da ke kula da gidan dattijuwa ce, gajera, da tarin makullai a ɗaure a ƙugu. Kowa Goggo yake ce mata, har maigadin da ya girme ta. Ta saurari Auta har ta gama, ba ta katse ta ba. Ta karɓi wayar ta dubi hoton Baba, ta mayar mata, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"'Yata, zan gaya miki yadda muke yi, kada ki ji zafina. A gidan nan ba ma cewa wane yana nan, ba ma cewa ba ya nan."

"Goggo, mahaifina ne fa."

"Na yarda."

"To ki duba mini kawai. Ko da kai ki yi mini alama, ba sai kin yi magana ba."

"Da kan ma ba na yi." Goggo ta jawo mata kujera. Auta ba ta zauna ba. "Akwai matar da ta zo mana da fasasshen baki. Da mijin ya zo nemanta, hawayensa ya fi naki yawa. In na fara zaɓen wanda zan gaya wa da wanda zan hana, wata rana zan zaɓa ba daidai ba. Wanda ya kwanta a gadonmu dole ya san ba za mu miƙa shi ga kowa ba, in ba haka ba gara masa ƙarƙashin gada."

"Sai in tsaya a bakin ƙofa in jira shi."

"Maigadi zai roƙe ki ki tafi kafin a buɗe wa masu kwana ƙofa. Kuma muna da ƙofar baya. Zo ki ga wani abu."

Ta kai ta gaban ƙaramar kantar nan. Akwai cokalin ƙarfe mai lanƙwasasshiyar wutsiya, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, da kwalbar turare da ba komai a ciki, da wani tsohon matajin kai.

"Wannan kantar masu nema ce. Ki ajiye abin da shi kaɗai zai gane. Ba a barin takarda, ba a barin lambar waya. Duk wanda ke kwana a nan sai ya wuce ta gabanta in zai shiga wurin cin abinci. In mutuminki yana nan, kuma yana so a gan shi, zai ɗauka. Ranar da kika zo kika ga babu, sai in zaunar da ke in kira miki shi."

"In bai ɗauka ba fa?"

Goggo ta gyara zaman takalmin yaron da ɗan yatsa. "Wannan tun bara yake nan. Har yanzu uwar tana leƙowa."

Auta ta buɗe jaka. Tun ranar da Baba ya tafi take yawo da hular sanyinsa, wadda ya manta a ƙarƙashin matashi. Ita ta saƙa masa da hannunta tun tana koyo. Ruwan ƙasa ce, amma zaren ya ƙare mata kafin ta kai ƙarshe, ta cike da kore, sai hular ta fito da wani koren tozo a tsakiyar kai. Yara suna yi mata dariya, shi kuwa ba ya rabuwa da ita. Ta ajiye ta kusa da cokalin, ta juya koren yana kallon hanya.

Daga ranar Auta ta zama kamar mai zazzaɓi. Kafin ta je shago sai ta biya, in ta tashi cin abincin rana sai ta biya. Hular tana nan yadda ta bar ta. Wani lokaci sai ta ga kamar an ɗan motsa ta, ta tsaya tana aunawa da ido, sai maigadi ya ce shi ne ya share ƙura. A gida ta ƙona shinkafa, ta zuba wa shayi gishiri. Mijinta ya sha, ya ajiye kofin, ya dube ta.

"In aka same shi, ki gaya masa ɗakinmu nasa ne. Mu sai mu dawo falo."

"Ka san ba zai yarda ba."

"To ni me na yi masa ne? Kullum ina ta juya abin a raina. Ko tari ba na yi da ƙarfi in yana barci."

Ta tashi ta wanke kofin da ta riga ta wanke.

A zuwa da dawowar nan ta fara sanin gidan. Ta ga ma'aikaciyar jinya da ke zuwa tana wanke wa wani mutum gyambon ƙafa a tsakar gida. Ta ga akwatunan ƙarfe a jere, kowa da nasa da ɗan makullinsa, don kada ya yini yana jan kayansa a titi. Ta ga igiyar shanya cike da wanki. Ta ji Goggo a waya tana gaya wa wani mai gidan mai cewa mutumin da ya nemi aiki wurinsa yana da adireshi, nan ne adireshinsa, kuma ita ce mai tsaya masa. Duk wannan ya ɗan sanyaya mata rai, ya kuma ƙara tayar mata da hankali. In Baba yana nan, ba ya kwana da yunwa. Amma in yana nan, to kullum yana wuce hular yana kau da kai ke nan.

Wata rana aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yayyafi. Aiki ya riƙe ta, ba ta samu zuwa ba sai da yamma. Ta shiga soron tana kakkaɓe lema, ta dubi kantar. Cokalin yana nan, takalmin yana nan. Hular babu.

"Goggo! Goggo, ya ɗauka!"

Goggo ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta dubi kantar, sannan ta yi murmushi.

"To, madalla. Shiga ɗakin baƙi ki zauna. Bari in buɗe wa mutane ƙofa, ruwa na dukansu, sannan in nemo wanda ya ɗauka."

Ɗakin baƙin ɗan ƙarami ne, da benci da tebur, ƙofarsa tana kallon soron. Auta ta kira mijinta, ta ce ya sayo nama, ya gaya wa yara Kaka zai dawo. Ta zauna, ta tashi, ta gyara ɗankwali, ta sake zama. Mutane suka fara shigowa a jiƙe, maza da mata, wasu da leda a ka. Goggo tana gaishe da kowa, tana tambayar wannan ƙafarsa, tana tambayar waccan ko ta samu ganin likita.

Sai ga koren tozon ya shigo. Auta ta miƙe da sauri har ta ture benci.

Wanda ke ƙarƙashin hular dogo ne, ƙato, da giɓi a baki, bai kai Baba shekaru ba ko kusa. Yana shigowa yana ɗaga murya. "A matsa ciki, a matsa ciki, akwai wuri a baya!" Tsohon kwandastan mota ne, kuma Kwandasta kowa ke kiransa.

"Malam, ina ka samu hular nan?"

Ya tsaya ya dube ta. "Ƙanwata, lafiya? A teburin kyauta na ɗauka da safe. Ko ta yi mini kyau ne?"

"Kwandasta," in ji Goggo a hankali, "a kan kanta hular nan take."

"Haba Goggo! Ni zan taɓa kayan kanta? Ko maye nake ba zan yi wannan ba. A kan tebur na gan ta, bisa barguna."

Maigadi ya matso yana murza hannu. Ya ce ruwa ne ya yi ta shigowa ta tagar da asuba, ya ga hular za ta jiƙe, sauran kayan kuwa ruwa ba ya yi musu komai, sai ya ɗauke ta ya ɗora a kan tebur kafin ya samo tsumma. Daga nan motar burodi ta zo, ya manta.

Kwandasta ya cire hular, ya riƙe ta da hannu biyu, duk barkwancin ya gudu daga fuskarsa.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Wallahi ban sani ba. Ga ta."

Auta ta dubi hular, ta dubi kansa mai sanƙo da ruwa ke gangarowa a kai. Gajiyar duk kwanakin nan ta sauko mata gaba ɗaya.

"Bar ta a kanka," ta ce. "Ta daɗe a can ba a ɗauka ba. Ko ba ya nan, ko ba ya so. Kai ma sanyin kake ji."

"'Yata, ki yi tunani," in ji Goggo.

"Na yi. Na gaji, Goggo."

Kwandasta ya dubi Goggo, ya dubi hular, kamar akwai maganar da ke cin sa. Bai faɗa ba. Ya mayar da ita kansa, ya danna ta sosai har koren ya miƙe tsaye, ya wuce ciki.

Auta ta so tafiya, amma ruwan ya dawo da ƙarfi, har ba a ganin ƙarshen layin. Goggo ta kawo mata shayi a ɗakin baƙi, ta zauna kusa da ita. Tsakanin ɗakin da wurin cin abinci katako ne kawai, ana jin ƙarar cokula da jan benci. Auta tana juya wayarta a hannu, tana tunanin yadda za ta ce wa yara Kaka ba zai zo ba.

Sai wata murya ta ratsa hayaniyar, ba da ƙarfi ba.

"Kai, cire hular nan."

Auta ta ajiye kofin da sauri.

"Wace hula, Mai Agogo?" Muryar Kwandasta ce, ya ɗaga ta yadda kowa zai ji. "Wannan? Kyauta aka ba ni, da shaidu."

"Wa ya ba ka?"

"Mai ita."

"Ni ne mai ita."

"Kai? Ikon Allah! Jama'a, kun ji? Hula tana kan kanta tun yaushe, bawan Allah nan yana wuce ta safe da yamma kamar sun yi faɗa. Yau da ta samu kai mai daraja sai ta zama tasa."

"Kanka zai buɗa ta. Ba don irin wannan kan aka saƙa ta ba."

"Ai kuwa ta zauna daram. Har wadda ta saƙa ta ce ta fi yi mini kyau."

Aka fashe da dariya. Auta ta riga ta kai bakin ƙofa, sai ta ji Goggo ta riƙe mata hannu. Riƙon ba mai zafi ba ne, amma ba ta sake ba.

"Zauna."

"Goggo, shi ne! Muryarsa ce!"

"Muryarsa kika ji. Bai kira ki ba tukuna. In kika faɗa masa a gaban mutane, gobe za mu wayi gari gadonsa ba kowa. Zauna, ki bar ni."

Auta ta koma kan benci. Ta ji makullan Goggo suna ƙara har cikin ɗakin cin abincin, ta ji hayaniyar ta kwanta.

"Kwandasta, kawo hular. Kuskure aka yi, daga kanta ta fito, can za ta koma. Kowa a nan ya san abin da ɗaukarta yake nufi. Kuma don kada a ce na ɓoye, wadda ta kawo ta tana ɗakin baƙi, ruwa ya tare ta. In ruwa ya tsaya za ta tafi. Ba wanda zai tilasta wa kowa. A ci abinci."

Goggo ta fito, ta ajiye hular kusa da cokalin, ta dawo ta zauna, ta tura ƙofar ɗakin baƙin ta rufe.

Cokula suka ci gaba da ƙara. Auta ta kasa kunne har kanta ya fara ciwo. Ruwan ya fara sassautawa a kan kwano, tana jin yadda yake raguwa, tana roƙo a ranta kada ya tsaya. Ta ji an ja benci. Ta ji tafiya a soro, a hankali, irin ta Baba mai jan ƙafar hagu. Tafiyar ta tsaya. Mai tafiyar ya daɗe a tsaye a gaban kantar.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar.

Baba ne. Ya rame, amma rigarsa wankakkiya ce, an yi masa aski, kuma da sabon tabarau a idonsa. Hular tana hannunsa.

"Auta," ya ce, "da gaske kin ce ta fi yi masa kyau?"

Ta durƙusa ta riƙe gefen rigarsa, tana kuka. Goggo ta tashi ta fita, ta ja musu ƙofa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Baba, me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba." Ya zauna a kan bencin, yana juya hular. "Wata asuba na farka, na ga mijinki yana ratsa falo a kan yatsun ƙafa, takalmansa a hannu. A tsaye ya sha shayi a kicin, cikin duhu, don kada ya tashe ni. Mutum da gidansa. Na rufe ido kamar ina barci. Washegari ma haka. Na ce wannan yaron ba zai taɓa buɗe baki ya ce na takura masa ba, sai dai ya tsufa yana sanɗa."

"Ya ce a ba ka ɗakinmu."

"Kin ji! Abin da na guda ke nan. In kwana a gadon surukina, shi yana ƙasa?"

"To sai ka bar mu muna zaga asibitoci?"

Ya sunkuyar da kai. "Kullum sai na ce gobe zan ɗauka. In na zo gabanta sai in rasa da wace fuska zan dube ki."

Ya gaya mata ma'aikaciyar jinyar nan ce ta kai shi aka duba idonsa, aka yi masa tabarau. Goggo ta ba shi tebur a rumfar baya, shi ya sa ba ya fita da rana. Yana gyara wa mutanen gidan rediyo da tocila, mutanen unguwa ma sun fara kawo agogo. Akwai wani mai shagon kayan wuta da ya ce zai ba shi kusurwa a shagonsa, da ɗan ɗaki a baya, in wanda ke ciki ya tashi.

"Ba zan koma falon nan ba, Auta. Kada ki roƙe ni."

Ta share fuska da bakin ɗankwali.

"An sayo nama. Yara suna jiran ka."

"Yau?"

"Yau. Ka ci, ka gan su, mu dawo da kai da kanmu in nan kake so."

Ya dubi koren tozon. Sannan ya ɗaga hular ya sa a kansa, ya gyara ta da hannu biyu.

"Bari in gaya wa Goggo kada a ba da gadona."

Suna fitowa soro, Kwandasta ya leƙo daga ƙofar ɗakin cin abinci yana shafa sanƙonsa.

"Ƙanwata, haka za a yi? A ba mutum kyauta da yamma, a ƙwace kafin ya gama cin abinci?"

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. "Yaya, zan saƙa maka taka. Wace kala kake so?"

"Irin wannan dai, da koren a sama."

Baba ya karɓi lemar daga hannunta yana ƙoƙarin buɗewa. "Ki auna kan tukuna kafin ki yi alkawari," ya ce. "Ba ƙaramin zare zai ci ba."